Laimar kwaɗin teku: murjanin da ke mamaye akwatin gilashi

Da yawa daga cikin ƴan uwanmu mazauna Faransa, Beljiyam ko Amurka sun taɓa shiga wani gida suka tarar da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, shuɗiyar fitila na haska shi, ga wasu abubuwa jajaye da koraye manne a kan duwatsu kamar faya-fayai. Mutum zai rantse furanni ne. Dabbobi ne, dangin murjani, kuma saboda siffarsu masu kiwonsu ke kamanta su da laimar kwaɗi.

Sun bambanta da murjanin da ke gina duwatsun teku, domin su ba su da ƙashi, tsoka ce zalla mai baki a tsakiya. Cikin tsokar akwai ƙwayoyin gansakuka da ke sarrafa haske su ba dabbar abinci. Waɗanda aka fi kiwo su ne Discosoma, Rhodactis da Ricordea. Discosoma na da araha, amma akwai wasu Rhodactis masu ƙuraje kamar balan-balan da ake sayar da ɗaya a kan ɗaruruwan dalolin Amurka.

Sabon shiga da su ake ba shi shawarar ya fara, don ba su da rainin abin hannu. Haske kaɗan ya ishe su. In ya yi yawa sai su takure ko su koɗe. Ruwa ya riƙa motsi a hankali. Gishiri kuwa giram 35 a kowace lita, kuma ba na miya ba, akwai wanda ake haɗawa musamman, a narka shi cikin tataccen ruwa. Ana barin akwatin makonni 4 zuwa 6 kafin a sa wani abu mai rai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ciko: in ruwa ya ragu, ruwan ne ya tashi ya bar gishirinsa, saboda haka da ruwa marar gishiri ake cikawa.

Zafin ruwan ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Mai sha'awar gwadawa a Yamai ko Damagaram sai ya tuna da watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 ga ɗaukewar wuta. In babu na'urar sanyaya ruwa da batiri ko sola, asarar kuɗi ce kawai.

To amma inda komai ya daidaita, matsalar laimar kwaɗi ba mutuwa ba ce, yaɗuwa ce. Takan matsa a hankali a kan dutse ta bar guntun ƙafarta, guntun ya zama sabuwa. Ka yanke ta da reza, abin da ya rage ya sake tsirowa. Kafin ka ankara ta rufe dutse, ta danne murjanin da ka saya da tsada. Shi ya sa masu gogewa ke ajiye ta a kan dutsenta ita kaɗai, yashi ya kewaye shi.

Ko a teku an ga irin haka. A 1991 wani jirgin kamun kifi ya maƙale a tsibirin Palmyra da ke tsakiyar tekun Fasifik, kudu da Hawai. Bayan shekaru, wani nau'i mai suna Rhodactis howesii ya shimfiɗu kewaye da jirgin ya kashe murjanin wurin, kuma masana sun zargi tsatsar ƙarfen jirgin da ƙara masa ƙarfi. Sai da hukumomin Amurka suka daddatsa jirgin suka kwashe shi, aikin da aka fara a 2013 aka kammala a farkon 2014.