Yadda hotunan taurari ke sauya kallon da mata ke yi wa jikinsu

A shekarar 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta ayyana shafe-shafen mayukan canza launin fata a matsayin matsalar lafiya da ke buƙatar ɗaukin gaggawa. Shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da suka nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. Adadin ya zarce na Togo mai kashi 59, da Afirka ta Kudu mai kashi 35, da Senegal mai kashi 27.

Dalilan da ke sa mace ta kashe kuɗinta don ta sauya fatar da aka haife ta da ita suna da yawa. Ɗaya daga cikin waɗanda masana suka fi daɗewa suna nazari a kai shi ne hotunan taurarin fina-finai da mawaƙa da masu tallar kayan ƙawa, waɗanda a yau suke biyo mutum har cikin ɗakin barcinsa ta wayar hannu.

Ɗabi'ar auna kai da wani

Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa idan mutum bai da wani tsayayyen ma'auni da zai san matsayinsa da shi, sai ya auna kansa da mutanen da yake gani. Kyau yana cikin abubuwan da ba su da mudu, shi ya sa kwatance ya fi tasiri a kansa.

A da, budurwa a Kano ko Zariya ko Damagaram tana auna kanta ne da 'yan uwanta da ƙawayenta da matan da take haɗuwa da su a gidan biki ko suna. Ta san su da kwalliya, ta kuma san su ba kwalliya. Ta gan su da safe suna shara, ta gan su a gajiye bayan sun sha aikin girki. Yanzu kuwa cikin mintuna kaɗan fuskoki barkatai za su wuce ta gabanta a Instagram ko TikTok, kowace an ɗauke ta ne a lokacin da ta fi kyau.

A 2008 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Shelly Grabe, sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 77 da aka yi a kan wannan batu. Sun gano cewa yawan kallon hotunan siraran mata a mujallu da talabijin yana tafiya tare da rashin gamsuwar mace da jikinta da kuma sauya yadda take cin abinci.

Abin da ya faru a tsibirin Fiji

Misalin da aka fi kawowa ya fito ne daga Fiji, wata ƙasa ta tsibirai a Tekun Pasifik. A al'adar mutanen wurin, cikar jiki ita ce alamar lafiya da kulawar dangi, rama kuwa abin damuwa ne, kamar yadda aka sani a ƙasar Hausa. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga, yana nuna shirye-shiryen Amurka da Ingila da Ostireliya.

Wata likitar ƙwaƙwalwa ta Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tattauna da 'yan matan sakandare a yankin makonni kaɗan da zuwan talabijin, sannan ta sake yin haka a 1998. A karon farko babu ko ɗaya da ta ce tana jawo wa kanta amai don ta rage ƙiba. Bayan shekara uku, kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu sun ce suna jin jikinsu ya yi girma ko ya yi ƙiba. Da yawa daga cikinsu sun bayyana cewa suna son su yi kama da matan da suke gani a akwatin, domin suna ganin irin wannan jiki ne ke kawo aiki da arziki.

Abin lura a nan shi ne, 'yan matan sun haɗa siffar jiki da samun nasara a rayuwa. Haka tauraruwa take bayyana a ko'ina: fuskarta tana zuwa tare da mota da gida da tafiye-tafiye, har mai kallo ta ɗauka fuskar ce ta kawo sauran.

Launi da diri, maimakon rama

A ƙasar Hausa matsin ya ɗauki wata siffa dabam. Rama ba ta taɓa zama abin so ba, kuma fifita farar fata ya girmi wayar hannu, tunda Bahaushe ya daɗe yana cewa farar mace alkyabbar mata. Sai dai harshen da ya yi wannan kirari shi ne ya tanadi yabo ga wankan tarwaɗa da baƙa mai sheƙi. Abin da allon kallo ya yi shi ne ya taƙaita wannan faɗi.

Tun daga shekarun 1950 gidajen sinima na Arewa suka fara nuna fina-finan Indiya, inda galibin jarumai mata farare ne masu dogon gashi. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sun ari abubuwa da yawa daga Indiya, har da rawa da waƙa da siffar jarumar da ake soyayya da ita. An daɗe ana ƙorafi a ciki da wajen Kannywood cewa farar mace ta fi saurin samun babbar rawa. Indiya kanta ta sha wannan muhawara, har ta kai kamfanin Unilever ya sauya sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely a 2020.

Ma'aunin kuma ba ya tsayawa wuri guda. Lokacin da Agbani Darego ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001, siranta ta zama abin yayi a tsakanin 'yan matan Legas. Shekaru goma sha bayan haka sai yayi ya koma kan siririn ƙugu da cikar ƙirji da mazaunai, irin siffar da Kim Kardashian ta shahara da ita. Wadda ta yi fama da yunwa don ta dace da yayin farko, sai ta tarar ana neman akasinsa.

Aikin da ke bayan hoto guda

Kafin hoton tauraruwa ya fito, mai kwalliya ta yi awa ɗaya ko biyu a kan fuskarta. An saita fitilu yadda za su ɓoye tabo su haska fata. Mai ɗaukar hoto ya ɗauki da yawa an zaɓi guda, sannan an shigar da shi kwamfuta an goge ƙuraje, an tsuke ƙugu, an ƙara haske. Abin da ke isa ga mai kallo aikin mutane da yawa ne, ita kuma tana kwatanta shi da fuskarta ita kaɗai a gaban madubi. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Yanzu wayar kowa tana iya wannan aiki. Filtar Bold Glamour da TikTok ya fitar a 2023 tana sauya hanci da leɓe da fata a bidiyo, ko mutum ya motsa ko ya shafa fuskarsa ba ta gocewa. Tun a 2018 wasu likitocin fata a Jami'ar Boston suka yi gargaɗin cewa mutane sun fara zuwa wurin likitocin gyaran jiki da hotunansu da filta ta gyara, suna neman a mayar da su haka. Wato mace ta koma gasa da wata siffa tata da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Kamfanonin sun san da haka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin. Ɗaya daga cikinsu ta nuna cewa kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram yana ƙara musu wannan damuwa. Tsarin manhajojin kuwa shi ne, duk abin da mutum ya tsaya ya kalla, irinsa za a yi ta turo masa.

Kasuwar da ke bayan damuwar

Inda duk aka samu mai jin ta gaza, akwai mai sayar mata da magani. A 2014 mawaƙiyar nan Dencia, mai tushe a Kamaru da Najeriya, ta fitar da man Whitenicious tare da hotunan talla da suka nuna ta fara tas. A watan Nuwamban 2018 tauraruwar Amurka Blac Chyna ta zo Legas ƙaddamar da wani samfurinsa, ana sayar da kwalba ɗaya Dala 250.

A Arewa kasuwar ta fi tafiya ne ta hannun masu haɗa mai da sabulu a gida, suna tallar haɗin amarya da maganin ƙarin ƙiba a shafukan sada zumunta. Sau da yawa ana biyan wata sananniyar fuska ta riƙe robar ta ce shi ne sirrinta. Mai saye ba ta san abin da aka zuba a ciki ba, domin irin wannan haɗi ba ya ɗauke da lambar rajista ko jerin sinadarai.

Farashin da jiki ke biya

Sinadarai uku ne suka fi yawa a mayukan bilicin. Haidirokwinon yana hana fata samar da melanin, wato sinadarin da ke ba ta launi yana kuma kare ta daga zafin rana. Idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai wuyar magani a kumatu da goshi. Sitiroyid yana sa fata ta yi sirara, ya fito da nankarwa da jijiyoyi, ya kuma hana rauni saurin warkewa, abin da ke zama matsala idan tiyata ta kama, kamar ta haihuwa. Makuri kuwa yana lalata ƙoda da jijiyoyin jiki, kuma yana iya kaiwa ga ɗan tayi ko jaririn da ake shayarwa.

Ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi da sha ka fashe su ma galibi magungunan wasu cututtuka ne. Deksametazon, alal misali, yana kumbura fuska da jiki, yana kuma iya jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi idan aka sha shi ba bisa umarnin likita ba. Garin neman ƙiba a samo rama kenan.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani a fata. Mace takan ƙi zuwa biki saboda ba ta son a ɗauke ta hoto, ko ta ci bashi don kada man ya yanke mata, tunda da an daina launin yake dawowa. A 2025 BBC ta ruwaito yadda wasu iyaye mata a Kano suke shafa wa ƙananan 'ya'yansu irin waɗannan mayuka, har fatar yaran ta ƙone.

Ba hoto ne kaɗai mai laifi ba

Masu bincike suna jaddada cewa hoto ba ya yi wa kowa tasiri iri ɗaya. Ya fi kama wadda dama take da damuwa a kan jikinta, ko wadda ake yi wa gori a gida. Saurayin da ya ce sai fara zai aura, da mijin da ke yaba jarumar fim a gaban matarsa, da gwaggon da ke tsokanar yarinya da baƙinta tun tana ƙarama, su ne ke share wa hoton hanya. Fargabar kishiya da gasar gidan biki suna ƙara wa wutar fetur. Mazan da ke zargin mata da bilicin su ma hotunan nan suke kallo, kuma da su suke auna matansu.

Matakan da ake ɗauka

Tun watan Oktoban 2017 doka a Faransa ta wajabta rubuta sanarwa a kan duk hoton talla da aka gyara siffar jikin mai tallar, kuma tarar saɓa wa dokar tana kaiwa Yuro 37,500. Norway ta fara aiki da makamanciyar dokar a 2022, har da masu talla a shafukan sada zumunta. A Afirka, Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana da Ruwanda su ma sun ɗauki irin wannan mataki. A Najeriya ƙalubalen shi ne kayan suna nan jibge a kasuwanni da intanet, don haka ɗan kasuwar da ya ƙi sayar da man da ba shi da rajistar NAFDAC yana da rawar takawa kamar jami'in hukuma.

A matakin mutum ɗaya ma akwai abin yi. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a Kanada a kan ɗalibai 220 masu shekara 17 zuwa 25, ya nuna cewa waɗanda aka nemi su taƙaita shiga shafukan sada zumunta zuwa awa ɗaya a rana sun ƙara gamsuwa da kamanninsu cikin makonni uku kacal.

Allon da ya jawo matsalar yana iya taimakawa wajen rage ta. Jarumar nan 'yar Kenya, Lupita Nyong'o, ta bayyana a wani jawabi a 2014 cewa tana yarinya takan roƙi Allah ta wayi gari fatarta ta yi haske. Abin da ya fara sauya mata tunani shi ne ganin Alek Wek, baƙar mai tallar tufafi 'yar asalin Sudan ta Kudu, ana yaba kyawunta a mujallun duniya. A jawabin ta karanta wasiƙar wata yarinya da ta ce tana dab da sayen man Whitenicious, sai ganin Lupita a allo ya sa ta fasa. Wannan zaɓi yana hannun duk mai shirya fim a Kano ko Kaduna ranar da ya zauna tantance wadda za ta fito a matsayin jaruma, da duk ɗan kasuwar da ke neman fuskar da zai ɗora a kan allon tallarsa.