Ina Ungulu Ta Tafi?

Dattawan Tudun Wada sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta da rimayen Zariya. Yau kuwa sai mutum ya shekara bai ga ko ɗaya ba. A 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Abu uku suka jawo haka. Ana kashe ta a sayar da kanta ga masu magani. Ana zuba wa mushe guba don karnuka ko kura, ita ta ci ta mutu. Ana kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, watau asararta ba ta saurin mayuwa.

Amfaninta babba ne, gama tana share mushe kafin ya ruɓe. A Indiya, da wani maganin shanu ya hallaka ungulaye, har aka hana shi a 2006, karnukan banza suka yawaita, masu yaɗa ciwon haukan kare.

To, manomi ya bar rimin gonarsa, makiyayi ya binne mushe, ɗan kasuwa ya ƙi wannan haja.