Allo Mai Magana Don Gidan Tarihi Na Kanta

Duk wanda ya taɓa kwasar yara daga Gesse a Birnin Kebbi ya kai su gidan tarihi na Kanta a Argungu ya san ruwan tambayoyin da ke biyo baya. Wannan takobi na wane ne? Wannan ganga yaushe ake kaɗa ta? Gidan nan shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, sa'an nan aka buɗe shi ga masu kallo a 1958. Ga masu, ga kwari da baka, ga bindigogin gargajiya, amma duk ba su da baki. Mai zagayawa da baƙi shi kaɗai ba zai iya amsa wa ɗalibai arba'in a lokaci guda ba, balle a kwanakin bikin kamun kifi da gari ke cika maƙil.

A ƙasashen waje an nemo wa wannan matsala magani. A 2013 gidan tarihi na birnin Kilibilan a Amurka ya kafa allon kwamfuta mai tsawon ƙafa 40, wanda baƙo zai taɓa hoton abu da yatsa, bayaninsa ya fito. Wannan aikin masu kuɗi ne. Amma tun da iPad ta fito a 2010, ƙananan gidajen tarihi da kantuna suka ga cewa kwamfutar hannu mai kamar allo ta wadatar. Ana saka ta cikin akwatin ƙarfe, a ɗaure a bango, a kulle ta kan manhaja ɗaya don kada yara su shiga wasa. Apple ta kawo wannan kulli a 2012, Android kuma a 2014. A kanti, mai saye na duba farashi da kansa.

Amfaninta gare mu shi ne murya. Wanda bai iya karatu ba zai taɓa hoto ya ji bayani da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Dakarci. In an riga an zuba bayanan a ciki, ba a bukatar intanet.

Sai dai akwai wahala. Zafin bazara na kashe batir, ƙurar hunturu na toshe kafofi, wuta kuma sai an haɗa da hasken rana. Dole a sami wanda zai goge allon kullum ya duba lafiyarsa.

Abu mafi muhimmanci, 'yan'uwa, allo ba ya faɗin abin da ba a zuba masa ba. Dattawan da suka san labarin Muhammadu Kanta da ganuwar Surame da al'adun Matan Fada suna raguwa. Na'ura za ta jira kuɗi, su kuwa ba za su jira ba. Malamai da matasa, wayar da ke aljihunku ta isa ku fara ɗaukar muryoyinsu tun yanzu.