Takin Feshi a Ganye: Me Yake Iyawa, Me Ya Gagare Shi?

Tun da aka shiga noman rani, tambaya ɗaya ta fi yawa cikin saƙonnin da kuke aiko wa shirin noma, daga wannan gefen iyaka da wancan: takin nan na kwalba ko na leda da ake damawa a ruwa a fesa wa ganye, zai iya tsayawa a madadin buhu? Masu tambayar suna da dalili. Buhu ya yi tsada, ko da naira ka saya ko da sefa. Kwalbar kuwa kuɗinta kaɗan ne, ga mai shago yana rantse maka cewa lita ɗaya ta ishi lambu duka. Ga abin da muka tattauna, mun rubuta shi don ka ajiye ka sake dubawa kafin ka kai kuɗinka kasuwa.

Da farko, gaskiya ne ganye yana shan taki. Tun a shekarun 1840 wani Bafaranshe mai suna Gris ya shafa wa ganyen da ya ɗashe ruwan gishirin ƙarfe, ganyen ya koma kore. A shekarun 1950 kuma masu bincike a jami'ar jihar Michigan ta Amurka suka bi sawun sinadaran da aka fesa, suka ga sun ratsa ganye sun shiga jikin shuka. Hanyar shigar ita ce fatar ganyen, da wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda shuka ke numfashi ta cikinsu. A yawancin kayan lambu ƙofofin sun fi yawa a bayan ganye, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa. Kuma taki ba ya shiga sai yana narke cikin ɗigon ruwa. Da zarar ɗigon ya bushe, shan ya tsaya, abin da ya rage gishiri ne kwance a kan ganye.

To, yanzu mu yi lissafi, don a nan maganar buhu da kwalba take yankewa. Ɗauki takin yuriya, farin nan mai kama da sukari. Kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, abin da 'yan'uwa masu karanta Faransanci ke kira azot, sinadarin da ke sa ganye kore da girma. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 23. Idan za ka fesa yuriya a ganyen kayan lambu, bai kamata ka wuce giram 10 a kowace lita ɗaya ta ruwa ba, ga ƙananan shuke-shuke ma rabin haka ya fi. In ka wuce, ganyen zai ƙone. Famfon goyo mai lita 16 zai ɗauki giram 160 ke nan. Hekta guda tana cin kamar lita 200 a feshi ɗaya, wato kilo 2 na yuriya, wanda naitirojin ɗinsa bai cika kilo 1 ba. Tumatirin hekta guda kuwa, daga dashe zuwa tsinka, yana neman kilo 100 ko fiye. Ka ga sai ka yi feshi sau ɗari kafin ka biya masa bukatarsa. Wa ke da wannan lokaci, kuma wane ganye ne zai jure?

Haka lissafin yake da kwalbar shago. Ko da an rubuta 20-20-20 a jikin leda mai kilo ɗaya, naitirojin ɗin ciki giram 200 ne kacal. Buhun kamfa 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi. Saboda haka wanda ya ce maka ka bar takin ƙasa ka dogara da feshi, kwalbarsa yake son sayarwa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne kwana uku zuwa biyar bayan feshi lambu yakan yi kore shar, mai shi ya yi murna, amma sai lokacin 'ya'ya ya zo a ga kwando bai cika ba. Abincin shuka ta saiwa yake shiga: takin gargajiya da ya ruɓe sosai, da na zamani gwargwadon hali.

Ina amfaninsa ke nan? Yana da shi, kuma ba ƙarami ba. Akwai sinadaran da shuka ke bukata ɗan mitsitsi, kamar gishiri a miya: ƙarfe, zinki, boron da manganis. Waɗannan giram-giram ake lissafa su, don haka ganye yana iya shan abin da ya wadatar. Masu lambu a ƙasa mai kanwa, irin ta gefen Tabkin Cadi ko Dallol Bosso, sun san wannan ciwo ko da ba su san sunansa ba. Sabon toho yana fitowa rawaya, jijiyoyin ganyen kaɗai suka rage kore, alhali tsofaffin ganyen ƙasa lafiyarsu lau. Ƙarfe ne ya yi ƙaranci. Akwai shi a cikin ƙasar fa, kanwa ce ta ɗaure shi saiwa ta kasa ja. In ka ƙara zuba shi a ƙasa, shi ma ɗaure shi za a yi. Feshi yana kewaye wannan shinge. Sai dai ƙarfe ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma sabo, saboda haka tohon da zai fito gaba zai sake ɗashewa, dole ka maimaita. Shinkafa da masara ma, in zinki ya gaza musu, feshi yana ceto su da sauri.

Wani lokacin kuma saiwar ce ta kasa aiki na 'yan kwanaki, misali bayan dashe, ko ruwa ya kwanta a fangali. Feshi mai sauƙi yana riƙe shuka kafin ta farfaɗo.

Amma kar ka ga rawaya ka ruga shago. Tumɓuke shuka ɗaya ka dubi saiwarta. In ka ga kullutu-kullutu kamar carbi, wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani suka kama ta, babu takin da zai warkar da wannan. In ganyen tumatir ya nannaɗe ya ƙanƙance, ka girgiza shi fararen ƙudaje suka tashi, cuta ce farin ƙuda ya kawo. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya gaba ɗaya, yunwar naitirojin ce, maganinta a ƙasa yake. Malamin gona zai taimaka maka ka bambance, akwai kuma cibiyoyin bincike irin INRAN a Nijar, IRAD a Kamaru, ITRAD a Cadi da IAR ta Samaru a Zariya.

Bari mu tsaya kan baƙin nan da ke kama gindin ɗan tumatir da tattasai ya lotsa, don an sha cin kuɗin mutane a kansa. Ƙarancin kalsiyam ne a cikin ɗan, wannan haka yake, shi ya sa ake tallar kwalbar kalsiyam. Sai dai kalsiyam tare da ruwa yake hawowa daga saiwa, kuma wanda ya sauka a ganye ba ya wucewa zuwa cikin 'ya'ya. Mafi yawan lokaci tushen matsalar ban-ruwa ne: yau ka cika fangali, ka bar shi ya bushe ƙamas kwana huɗu, ka sake cikawa. Daidaita ban-ruwan, ka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, ka rage yuriya, za ka fi ganin canji.

Lokacin feshi kuwa, yanayinmu ba ya yafiya. A bazara, da rana tsaka, ƙofofin ganye a rufe suke, ɗigon ya bushe nan take, gishirin ya toya ganye. A hunturu iska busasshiya ce, ga ƙura ta lulluɓe ganyen. Sassafe ya fi, ko la'asar sakaliya in iska ta kwanta. Kada dai ka bar ganye ya kwana jiƙe sharkaf, domin danshin dare shi ne abin da cututtukan tabon ganye ke so, a tumatir da albasa duka. Da damina, in ruwa ya sauka jim kaɗan bayan feshi, ka yi asara. Ka karkata bakin famfo ya samu bayan ganye, ka tsaya kafin ruwa ya fara ɗiga ƙasa. In shuka tana jin ƙishi ta yi yaushi, ba ta ruwa tukuna. Masu albasa, ko ta Galmi ce ko wata, da masu kabeji, ku ganyenku yana da santsi kamar an shafa masa kaki, ruwa gangarewa yake yi. Sai kun haɗa da maganin manne ɗin da ake sayarwa don wannan aiki.

Sai maganar famfo. Yawancinmu ɗaya gare mu, ko ma aro muke yi. In an taɓa zuba masa maganin ciyawa, musamman 2,4-D, ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya murɗe tumatir duka, ka zauna kana zargin taki. In da hali, ware famfon ciyawa daban. Haɗa taki da maganin ƙwari a tanki ɗaya ma, gwada a 'yar kwalba tukuna. In ya yi gudaji ko ya kwanta kamar kindirmo, kar ka fesa. Kayan nan suna tsallaka iyaka da rubutun Faransanci, Turanci, wani ma na Sin. In ba ka iya karanta ma'aunin ba, nemi wanda zai karanta maka, kada ka auna da ido.

Ke kuma uwargida mai salak, alayyafo da zogale a tsakar gida, ruwan kashin kaji ko na shanu da ake jiƙawa taki ne mai kyau, amma a gindi ake zuba shi. Ganyen da yara za su ci ɗanye, in kika watsa masa wannan ruwa, ƙwayoyin cutar gudawa kika ɗora masa.

Wanda ya riga ya sayi kwalba, ga yadda zai san ko ta biya kuɗinta. Zaɓi fangali biyu maƙwabta, iri ɗaya, dashen rana ɗaya, takin ƙasa da ban-ruwa daidai. Fara da shuka biyar ka jira kwana biyu, in ba su ƙone ba ka fesa wa fangali ɗaya, ka bar ɗayan. Kada ka yanke hukunci da koren ganye. Ƙirga kwandon da kowanne ya ba ka har tsinkar ƙarshe, ka cire kuɗin kwalba da ladan mai feshi, sannan ka aiko mana da abin da ka samu, tare da sunan garinku da irin ƙasar lambun.