Ihun da Jiki ke Yi Idan Ɓarawo Ya Shigo

Idan hunturu ya sauko Lome, mura kan zagaye gidajen Zongo ɗaki bayan ɗaki. Jiki ya yi zafi, gaɓoɓi su yi tsami. Ka san daga ina wannan wahala take?

Jikinka kamar babban gidan haya ne mai ɗakuna bila adadin, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ƙwayoyin halitta. Ƙwayar cutar bairos ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta kutsa cikin ɗaki ta sa shi yana buga mata kwafinta. Amma Allah ya sa masu gadi a kowane ɗaki. Sun san kamannin kayan gida, don haka da sun ga baƙon rubutun halitta irin na bairos, sai ɗakin ya saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda masana suka gano a Landan a 1957.

Intaferon ihu ne na "ɓarawo!" Maƙwabta su ji su kulle ƙofofinsu, fararen ƙwayoyin jini su rugo, ɗakin da ya kamu kuma ya kashe kansa don sauran su tsira. Zazzaɓi da ciwon jikin da kake ji, yawancinsu hayaniyar wannan faɗa ce.

Ihu kuwa dole ya tsaya. Bayan 'yan kwanaki jiki da kansa yake fitar da sinadaran da ke cewa a yi shiru. Idan ya kasa, taron jama'a sai ya ƙona gida garin neman ɓarawo. Haka korona, wadda aka fara samu a Togo ranar 6 ga Maris 2020, ta yi wa wasu: garkuwar jikinsu ta wuce gona da iri, huhu ya kumbura. Likitoci a Ingila sun nuna a 2020 cewa maganin dexamethasone yana ceton irin waɗannan, amma sai waɗanda ciwo ya kai ga neman iskar numfashi.

Maganin nan kuwa yana cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Mai shan sa ba da izinin likita ba, ya toshe bakin masu gadinsa ne. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a tebur shi ma ba ya taɓa bairos.

Saboda haka, in zazzaɓi ya zo, a fara gwada jini, domin cizon sauro ma haka yake farawa. Idan mura ce, ka huta, ka sha ruwa sosai. Amma in numfashi ya yi sauri, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko zafi ya wuce kwana uku, ku taho asibiti, ko da tsakar dare ne.