Korona da haihuwa: abin da jita-jita ta ɓoye a Gidimuni

A Maris 2020, watan da Nijar ta samu mutum na farko mai korona, ƙungiyoyin likitocin haihuwa na Amurka da Turai suka ba da shawarar a dakatar da dashen ƙwai, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji. Matar da ke ban ruwa a garkar bakin tafkin Gidimuni ba ta yi asarar komai a nan ba, don dama wannan magani bai taɓa zuwa kusa da ita ba. Ta wata ƙofa annobar ta shigo mata: raɗe-raɗin cewa allurar rigakafi tana kashe haihuwa.

Maganar tsohuwa ce. Ita ta sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma mai shakka yana da hujjar da zai kama, tun gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996. Sai dai bincike a kan ma'aurata masu neman ciki bai nuna allurar korona tana hana shi ba. Bayan allurar, al'adar wasu mata ta ɗan jinkirta da kamar kwana guda, ta koma daidai. Cutar kanta ce ma, da zazzaɓinta mai zafi, take rage maniyyin namiji, shi ma ya farfaɗo cikin wata biyu zuwa uku.

Wani zai ce Nijar, ƙasar da aka ƙiyasta wa mace haihuwa 7.6 a 2012, ina ruwanta da kukan rashin haihuwa? Ai a inda kowane gida ke suna ne gorin juya ya fi ciwo, kishiya kuma ba ta da nisa. Kuma yawancin rashin haihuwar yankinmu bayan an taɓa haihuwa yake zuwa: ƙwayar cuta ta shiga lokacin ɓari ko naƙudar gida, ko ta ciwon sanyi, ta toshe hanyar ƙwai. Awon ciki da haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma su ke tare wannan. Duk wadda tsoron allura ya hana zuwa likita, ko ya sa ta ƙi yarda a tura ta asibitin uwa da yaro na Damagaram, ta kusanci abin da take gudu. Makarantun mazaje, inda magidanta ke tattauna lafiyar matansu, waɗanda aka fara a jihar nan ta Damagaram, nan ya kamata a kai wannan bayani, tunda maigida ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota.