Sanyin Funtua Na Tafe: Koyi Saƙa Mayafin Wuya Da Kwarashi

 A wannan wata mun leƙa ƙasar Funtua da Malumfashi, inda duk wadda ta taɓa kwana a watan Disamba ko Janairu ba sai an ba ta labarin jaura ba. Garin Funtua yana kan tudu ne, kusan mita 700 sama da teku, saboda haka da zarar hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ki ga hazo ya rufe gari, ruwan randa ya yi sanyi ƙarara. A irin wannan safiya ce yara ke sammakon makarantar allo da ta boko, maigida kuma ya hau babur zuwa gona ko kasuwar Bakori, iska na dukan wuyansa da ƙirjinsa. Idan an dawo gida sai tari da mura da dashewar murya su biyo baya.

Yawancinmu sai sanyi ya kankama sannan mu ruga wajen 'yan gwanjo, a lokacin kuwa kaya sun yi tsada, masu kyan kuma an tsince. Alhali da ƙwallon zare kaɗan da kwarashi guda ɗaya za ki iya saƙa wa kowa a gidanki mayafin wuya mai kauri, kina zaune a ɗakinki. Ko da ba ki taɓa riƙe kwarashi ba, wannan shi ne aikin da ya dace ki fara da shi, domin babu hannu, babu wuya, babu ragi ko ƙari. Saƙa ce miƙaƙƙiya daga farko har ƙarshe.

Gado ne, ba baƙon abu ba

Kada ki ɗauka zare baƙonki ne. Ƙasar nan ta auduga ce tun kaka da kakanni. Kamfanin Turawan Ingila mai suna BCGA, wanda aka kafa a birnin Manchester a 1902, ya gina injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, jirgin ƙasan da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929 kuma shi ya riƙa kwasar dilolinta. A 1978 aka kafa masaƙar Funtua. Amma tun kafin wannan duka, kakanninmu mata suna gurza audugarsu da hannu, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari a cikin taskira suna dangwalar alli. Sukan fitar da zare siriri, su kuma fitar da mai kauri da ake kira abawa, wanda da shi ake saƙa gwado da luru na rufa da sanyi. To, mayafin da za mu yi yau ɗan uwan gwado ne, sai dai kwarashi ya tsaya a madadin masaƙa.

Shi kwarashi a ƙasashen Turai ya bunƙasa cikin ƙarni na 19. Lokacin da yunwa ta afka wa ƙasar Ayalan daga 1845, mata da yawa da saƙar leshi ta kwarashi suka ciyar da iyalansu. A nan gida kuma da dama daga cikin iyayenmu a cibiyoyin koyar da mata sana'a suka koya, musamman zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Hajiya Maryam Babangida da aka fara a 1987. Uwa uba, addininmu ya yabi mai cin guminsa. Uwar muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, ta shahara da aikin hannu, abin da ta samu kuma ta yi sadaka da shi.

Kayan da za ki tanada

Na farko zaren ulu. Idan kin sami mai kauri, wanda ya kai kaurin fensir ko kusa da haka, to madalla. Idan kuwa siririn da ake yi wa jarirai hula da safa ne kawai a kasuwarku, ba matsala, sai ki haɗa ƙwallo uku ki riƙa jan silinsu tare kamar zare ɗaya. Na babban mutum yakan ci kamar giram 250 zuwa 300, na yaro kuwa kamar rabin haka. Ki sayi duk abin da kike bukata a lokaci guda, domin idan ya yanke miki kika koma, da wuya launin ya zo daidai. Kazalika a aikinki na farko ki guji baƙi da shuɗi mai duhu, saboda ba za ki riƙa ganin idon saƙar sosai ba. Ruwan toka, ruwan ƙasa mai haske ko ruwan madara sun fi, ga shi kuma na farkon biyu suna ɓoye ƙurar hunturu.

Na biyu kwarashi babba, mai lamba milimita 8, 9 ko 10. Lambar tana rubuce a jikinsa. Ƙaramin nan na yi wa ɗankwali baki ba zai ɗauki wannan zare ba. Idan babban ya yi wuyar samu, mai sassaƙa zai iya fere miki na ice, sai a goge shi sumul don kada ya riƙa tsinka zare. Sai almakashi, da tef na awo, da babbar allura mai faɗin kafa.

Yadda ake farawa

Ki bar jelar zare kamar tsawon tafin hannunki, ki yi zarge irin wanda idan an ja yake matsewa, ki zura kwarashi a ciki. Ki riƙe kwarashin da hannun dama kamar yadda kike riƙe wuƙa ko biro, duk wanda ya fi miki daɗi. Zaren da ke fitowa daga ƙwallo kuma ki ratayo shi a kan manunin hagu, babban yatsa da na tsakiya su riƙe gindin zargen.

Yanzu ki naɗo zare sau ɗaya a kan kwarashi, ki jawo shi ta cikin zargen. Kin yi sarƙa ɗaya ke nan. Ki maimaita har ki sami sarƙa 16, ban da madaukin da ke kan kwarashi, shi ba a ƙirga shi. Ki sassauta hannu a nan ƙwarai, domin idan sarƙar ta matse gindin mayafin zai tsuke ya lanƙwashe.

Layin farko shi ne inda ake koyon dogon ido, wanda da shi kaɗai za mu yi aikin gaba ɗaya. Ki naɗo zare a kan kwarashi, ki tsallake sarƙa biyu na kusa da shi, ki soka a ta uku. Ki sake naɗo zare ki jawo shi waje, za ki ga madauki uku a kan kwarashi. Ki naɗo zare ki ja ta cikin biyu na farko, saura biyu. Ki sake naɗowa ki ja ta cikin biyun da suka rage, saura ɗaya. Dogon ido ɗaya ya kammala. Haka za ki bi kowace sarƙa da ido ɗaya har ƙarshe. Idan kin ƙirga, ya kamata ki sami 14, faɗinsu kuma zai kai kamar santimita 16 zuwa 18, gwargwadon zarenki da hannunki.

Da kin kai ƙarshe sai ki yi sarƙa biyu, ki juya aikin kamar kina buɗe shafin littafi. Waɗannan sarƙa biyun matakala ce kawai, ba a ƙirga su. Idan kika dubi saman layin za ki ga kowane ido yana da sili biyu a kwance kamar ƙwayar alkama. Ki soka kwarashi a ƙarƙashin silin biyun, tun daga ido na farko, ki yi dogon ido a kowanne har 14. Sarƙa biyu, juya, ido 14. Iyakar karatun ke nan. Ki ci gaba har tsawon ya kai santimita 150 ga babba, wato kamar layi 60, ko santimita 100 ga ɗan firamare. Mai farawa da ke zama awa guda bayan Isha'i za ta iya gamawa cikin mako ɗaya.

Idan zare ya kusa ƙarewa, ki haɗa sabo a ƙarshen layi, kada ki ƙulla a tsakiya. Idan kin gama, ki yanke zaren da 'yar jela, ki jawo ta cikin madaukin ƙarshe ki matse, sannan ki ɓoye dukkan jelolin a cikin saƙar da allura.

Inda masu koyo ke tuntuɓe

Babban kuskure shi ne ki ga mayafi yana tsukewa kamar harshen takobi. Dalili shi ne ana manta idon ƙarshe na layi, domin yakan kwanta gefe ya ɓuya. Idan kuma yana ƙara faɗi, to kina soka kwarashi a cikin sarƙar juyi ne, ko kina sa ido biyu a rami ɗaya. Maganin duka biyun ɗaya ne, ki ƙirga 14 a ƙarshen kowane layi kafin ki juya. Za ki iya maƙala fil ko guntun zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe don su riƙa tuna miki. Idan saƙar ta yi tauri kamar tabarma, hannunki ya matse ko kwarashin ya yi ƙanƙanta. Kada ki ji ƙyashin warwarewa. Daɗin kwarashi ke nan, da kin zare shi kin ja zare sai ya koma yadda yake, ki sake. Da rarrafe yaro kan tashi.

Hattara, uwargida

Wannan sashe ya fi duk na baya muhimmanci. Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, na roba ne da ake samarwa daga man fetur. Idan wuta ta taɓa shi yakan kama, ya narke ya manne a fata. Lokacin sanyi kuwa shi ne lokacin jin ɗumi a bakin murhu da kaskon gawayi. Saboda haka ki cire naki kafin ki sunkuya hura wuta, ki kuma hana yara zama kusa da wuta da shi a wuya.

Na biyu, babur. Kowa ya san yadda dogon hijabi ke shiga tayar baya ya fizgo mace ƙasa. Mayafin da ke naɗe a wuya ya fi wannan haɗari. Duk wanda zai hau babur ko keke, ko zai tsaya kusa da injin niƙa ko na casar masara, ya cusa bakin mayafin a cikin riga. Na yara kada ki yi masa geza, kuma ya fi kyau ki taƙaita shi zuwa kamar santimita 60, ki ɗinke bakinsa biyu ya zama zobe da ake zurawa ta ka. Jariri da yaron da bai kai shekara uku ba kada a sa musu komai a wuya, hula da rigar sanyi sun ishe su. Kada kuma a bar kowane yaro ya yi barci da shi.

Wajen wanki, ki jiƙa shi a ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, ki matsa a hankali ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa shi a inuwa a kan tabarma. Idan kika rataye shi a igiya da ruwa a jikinsa zai miƙe ya lalace. Dutsen guga kuma kada ya kusance shi.

Daga na gida zuwa na kasuwa

Idan kin yi wa maigida da yara, maƙwabta za su gani su tambaya. Kafin ki yanka farashi ki lissafa kuɗin zare, kuɗin motar zuwa sayensa, da ladan kwanakin da kika yi, kada kunya ta sa ki sayar a faɗuwa. Ki fara tara kaya tun watan Satumba, domin lokacin da manoma suka kai masara da waken soya da auduga kasuwa shi ne lokacin da kuɗi ke hannun jama'a, shi ne kuma lokacin da sanyi ke shigowa. 'Yan acaɓa, masu gadi, direbobi da masu noman rani a fadamun Ɗanja duk masu bukata ne. Amarya kuma tana iya saƙa wa surukarta guda ta kai mata gaisuwa. Idan Allah ya hore miki ragowar zare, ki haɗa launi-launi ki yi wa almajirin gidanki nasa, domin shi ne ke kwana a zaure.

Ki zaunar da 'yan matanki su koya tare da ke, yarinya 'yar shekara tara tana iya riƙe kwarashi. A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu kawo yadda ake saƙa hular da za ta dace da wannan mayafi. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya kare mana iyalanmu, amin.